Tallafa wa Iyalai Don Kare Yara Daga Cin Zarafi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin maƙwabta, dangi, malamai da su kansu iyaye idan aka taɓo maganar kare yara. Wasu amsoshin gajeru ne. Wasu kuma dole a tsaya a kansu, domin a nan ne mutanen kirki suka fi yin kuskure.

Me ake nufi da cin zarafin yaro?

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989, ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro. Sashe na 19 ya ɗora wa gwamnatoci alhakin kare shi daga kowace irin cutarwa, ko da a hannun mahaifansa yake. Masana sun kasa cutarwar gida huɗu: duka da raunata jiki, lalata da yaro, cutar da zuciyarsa ta hanyar zagi, tsoratarwa da wulaƙanci, sai kuma sakaci da cinsa, lafiyarsa, karatunsa da tsaronsa.

Mutane sun fi lura da duka saboda yana barin tabo. Amma a Amurka, inda ake tattara alƙaluma duk shekara, sakaci ne ke ɗaukar kaso mafi girma na abin da aka tabbatar. Sai dai a bambanta sakaci da rashi. Uwar da ba ta da abin da za ta ba ɗanta, da wadda take da shi ta hana, ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma ba taimako iri ɗaya suke buƙata ba.

Abin ya kai yadda ake faɗa, ko zuzutawa ce?

Ya kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kusan biliyan 1 masu shekara 2 zuwa 17 ne ke gamuwa da wani nau'in cutarwa ko sakaci a cikin shekara guda. A 2024 UNICEF ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kusan miliyan 400, wato 6 cikin 10, na shan duka ko tsawa mai razanarwa a gida a kai a kai. Babu ƙasar da ta tsira, mai arziki ko matalauciya.

Likitoci ma sun daɗe ba su yarda ba. Sai a 1962 ne wani likitan yara a Denver ta Amurka, Henry Kempe, da abokan aikinsa suka wallafa rahoton da ya tilasta wa duniyar likitanci amincewa cewa karayar ƙasusuwan da ake ta gani a jikin ƙananan yara, ana cewa faɗuwa suka yi, da yawa daga hannun masu rainonsu take.

Me ya sa ake ta maganar tallafa wa iyaye? Ba hukunta masu laifi ya kamata a yi ba?

Hukunci yana da wurinsa, za mu zo kansa. Matsalarsa ita ce a makare yake zuwa, bayan an riga an ji wa yaron. Yawancin iyayen da suka wuce gona da iri ba su tashi da safe da niyyar cutar da 'ya'yansu ba. Abubuwa ne suka taru musu: rashin barci, bashi, rigimar aure, ciwon damuwa, shaye-shaye a wani gidan, ga yara ƙanana a jere, kuma babu wanda zai karɓe su ko na awa ɗaya. Idan aka bi diddigin labarin yaron da aka kai asibiti da rauni, sau da yawa za a tarar an yi watanni alamun suna bayyana, mutane suna gani, kowa na cewa ba ruwansa.

Shi kansa sashe na 19 ɗin da aka ambata bai tsaya ga bincike da kotu ba. Ya ce a kafa shirye-shiryen da za su tallafa wa yaron da kuma waɗanda ke kula da shi. Haka ma tsarin INSPIRE da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da wasu hukumomi a 2016: cikin dabarunsa 7, ɗaya tallafa wa iyaye ce, wata kuma ƙarfafa samun kuɗin iyali.

Ke nan talauci ne ke kawo shi?

Talauci yana ƙara nauyi, nauyi kuma yana rage haƙuri. Amma mafi yawan talakawa ba sa cutar da 'ya'yansu, kuma ana aikata mummunan abu a gidajen masu hali, inda doguwar katanga da girman suna ke ɓoye shi. Abin da ya fi haɗa gidajen da abin ke faruwa shi ne kaɗaici: iyalin da ba mai shiga wurinsu, su ma ba sa shiga wurin kowa.

Shiga harkar gidan wani ba shisshigi ba ne?

Ya danganta da yadda aka shiga. Wanda ya shiga don ya samo abin faɗa a waje, ɗan gulma ne. Wanda ya shiga ya rage wa mutum kaya, maƙwabci ne. Da ake cewa ɗa na kowa ne, wasu sun ɗauka lasisi ne na kowa ya daki yaron da ya ga dama. Ma'anar da ta fi amfani ita ce kowa yana da alhaki a kan lafiyarsa.

Ƙungiyar kare yara ta farko a duniya ma daga maƙwabta ta samo asali. A New York, a ƙarshen 1873, mutanen da ke zaune kusa da wata yarinya mai suna Mary Ellen Wilson ne suka gaya wa wata ma'aikaciyar mishan, Etta Wheeler, irin azabar da marikiyarta ke gana mata. Wheeler ta yi ta yawo ba ta samu mai saurarenta ba, har ta dangana da Henry Bergh, shugaban ƙungiyar kare dabbobi, wanda ya sa aka kai maganar kotu a 1874. Daga wannan shari'ar aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta New York.

An sake ganin muhimmancin idon jama'a a 2020. Da aka rufe makarantu saboda korona, rahotannin cin zarafin yara da ke isa ga hukuma a Amurka suka ragu ƙwarai. Abin da ya ragu a zahiri shi ne yawan malaman da ke ganin yaran kullum.

Kusan kullum ina jin tsawa da kukan yaro daga gidan maƙwabtana. Yaya zan yi?

Idan abin da kike ji ya nuna rai na cikin haɗari, a kira hukuma nan take, babu jira. Idan kuwa bai kai nan ba, wato tsawa ce da gajiya da mari nan da can, to abu mafi amfani shi ne ki zama mutumin da uwar nan za ta iya buɗe wa ƙofa.

A ce kin ƙwanƙwasa, ta buɗe, ido ya yi ja, jariri na tsala kuka a kafaɗarta, na biye da shi ya maƙale a bayan ƙofa yana shessheƙa. Idan kika fara da "Haba, wannan wane irin duka ne?" to kin rufe ƙofar da hannunki. Za ta kare kanta, gobe kuma za ta rufe taga kafin ta daki yaron. Amma ki ce, "Sannu da fama, 'yar'uwa. Miƙo min shi ki ɗan zauna." Ki karɓi jaririn, ki kira babban ya zo kusa da ke, ki tambaye ta ko ta samu barci jiya. Kada ki yi wa'azi ranar. Maganar duka za ta zo, kuma sau da yawa ita za ta fara kawo ta: "Wallahi ban san lokacin da hannuna ke kai masa ba." A nan ne za ki ce, "Idan kin ji abin ya taso miki, ki turo min shi, ko ba sallama."

Taimakon da aka faɗi sunansa ya fi wanda aka bari a buɗe. "In kina buƙatar wani abu ki faɗa min" ba ya kai ko'ina, domin wanda ya gaji kunyar roƙo yake ji. "Ranar Talata da yamma zan ɗauki yaran na awa biyu" shi ne ke aiki. Kuma a cika alkawarin. Zuwa sau ɗaya a ɓace ya fi rashin zuwa ciwo.

Me ya sa ake cewa watannin farko na jariri sun fi haɗari?

Saboda kuka. Kukan jariri yakan ƙaru daga mako na 2, ya kai ƙololuwa wajen mako na 6 zuwa 8, sannan ya lafa a wata na 3 ko na 4. Wani jaririn lafiyarsa ƙalau, ya ƙoshi, an sauya masa, amma zai yi awanni yana yi. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka shi ne ya kasa, ko yaron ne ke masa da gangan, ya ɗaga shi ya jijjiga da ƙarfi. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa ba ƙwari, don haka jijjigar 'yan daƙiƙoƙi na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, ya makance, ya nakasa ko ya mutu.

Duk mai riƙe jariri ya kamata ya ji wannan tun kafin ranar ta zo: uwa, uba, mai raino, yayyensa. Idan ka ji ranka ya ɓaci, ka kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ka fita na 'yan mintoci, ka kira wani. Kuka na minti 10 ba ya kashe jariri.

A sa ido kuma a kan uwar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Macen da ta daina ci, ta daina magana, take kuka ba dalili, ko take cewa ba ta jin komai game da jaririn, ba raki take yi ba. A raka ta ta ga ma'aikacin lafiya.

Akwai shaidar cewa wannan tallafin yana aiki, ko fatan alheri ne kawai?

Akwai, kuma an daɗe ana tara ta. A 1977 David Olds ya fara wani gwaji a garin Elmira na jihar New York, inda ma'aikatan jinya ke ziyartar mata masu cikin fari a gida, tun daga goyon ciki har yaro ya shekara 2. Da aka waiwayi iyalan bayan shekara 15, an tarar cin zarafi da sakaci sun yi ƙasa sosai a gidajen da aka riƙa ziyarta. A Kingston ta Jamaika, ma'aikatan lafiya na unguwa sun shekara 2 suna zuwa gidajen yaran da suka tsumbure duk mako, suna nuna wa uwaye yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan kusan shekara 20, waɗannan yaran sun fi takwarorinsu da suka tsumbure amma ba su shiga shirin ba samun kuɗi da kimanin kashi 25 cikin 100, kuma sun fi su kauce wa faɗa.

A Afirka ta Kudu, shirin Sinovuyo ya riƙa tara iyaye da 'ya'yansu matasa a zaure ɗaya, mutanen yankin da aka horar suna jagoranta, ana gwada yadda ake warware saɓani da tsara kuɗin gida. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna duka da zagi sun ragu. A Leicester ta Ingila kuwa, Margaret Harrison ta kafa Home-Start a 1973, inda iyaye 'yan sa kai ke ziyartar wasu iyayen masu ƙananan yara duk mako. A Harare ta Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata su zauna a benci su saurari masu damuwa, kuma gwaji ya nuna damuwar na raguwa.

Amma a faɗi gaskiya, ba kowane shiri ne ya yi nasara ba. Shi kansa Olds, da ya sake gwaji a Denver, ya tarar masu ziyarar da ba su da horon jinya ba su samu sakamako kamar na ma'aikatan jinya ba. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Shirye-shiryen da suka yi tasiri suna da horo, suna da mai duba aikin, ana zuwa a kan lokaci, kuma ana sa iyaye su gwada abin da hannunsu maimakon a zaunar da su ana musu lacca.

Mu ma da bulala aka tashe mu, ga mu lafiya. Ba a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba?

Gaskiya ne tarbiyya da wuri ake fara ta, kuma ba wanda ya ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Tambayar ita ce ko duka na koyar da abin da ake so. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara 50 a kan yara fiye da 160,000, suka tarar duka ba ya gyara hali na dogon lokaci, yana ma tafiya tare da ƙarin taurin kai da faɗa. Yaro yakan daina abu a gabanka, ya koyi ɓoyewa. Haɗarin kuma shi ne marin jiya ba ya isa yau, sai a ƙara, har ranar da hannu zai zarce. Suwidin ce ta fara haramta dukan yara a gida a 1979, kuma ƙasashe fiye da 60 sun bi sahu.

"Ga mu lafiya" ɗin ma abin dubawa ne. Binciken da Vincent Felitti da Robert Anda suka wallafa a 1998, wanda ya taso daga bayanan dubban manya a San Diego, ya nuna cewa gwargwadon wahalhalun da mutum ya sha a ƙuruciya, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya, shaye-shaye da damuwa a girmansa. Wannan ba ya nufin an yanke wa kowa hukunci. Mafi yawan waɗanda aka cutar suna yara ba sa cutar da nasu 'ya'yan, kuma abin da ya fi ceto su shi ne samun babban mutum ko da ɗaya da ya tsaya musu.

Ina matsayin maza?

A tsakiya. Yawancin shirye-shirye mata suke tarawa, alhali a gidaje da yawa hannun da ake tsoro na uba ne, kuma gidan da ake dukan uwa da wuya yara su tsira. Namiji ya fi jin magana daga abokinsa ko yayansa. "Ɗan'uwa, na ga kwana biyu ranka a ɓace, zo mu taka" ta fi taron ƙara wa juna sani guda goma.

Lalata da yara fa? Shi ma gajiyar iyaye ce?

A'a, kuma kada a haɗa su. Mai lalata da yaro shiri yake yi. Galibi ba baƙo ba ne: ɗan'uwa ne, maƙwabci, malami, abokin gidan, wani lokacin ma yaro ne da ya girme shi. Yakan fara da sayen amincewar iyaye, ya riƙa yi wa yaron kyauta, ya nemi keɓewa da shi, ya ce "wannan sirrinmu ne". Yakan zaɓi yaron da ba a kula da shi, wanda ke yunwar a saurare shi. Ta nan ne tallafa wa iyali ke taimakawa. Yara maza ma ana yi musu, kuma sun fi yin shiru. Yanzu kuma waya ta buɗe wata ƙofar, ana farautar yara ta intanet suna kwance a ɗakinsu.

A koya wa yaro sunayen sassan jikinsa, a gaya masa akwai wuraren da ba mai taɓawa, kuma duk babban da ya ce ya ɓoye wa iyayensa wani abu, to abin faɗa ne.

Yaro ya gaya min wani ya yi masa abu. Me zan ce?

Ka natsu, ko da cikinka ya ɗuri ruwa. Idan ka yi ihu ko ka zabura za ka je ka kashe wani, yaron zai tsorata ya janye maganar. Ka ce masa, "Na yarda da kai. Ba laifinka ba ne. Ka kyauta da ka faɗa min." Kada ka yi masa tambayoyin ƙure, kada ka sa masa magana a baki, kada ka tara mutane ya maimaita. Kada ka yi alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba. Ka ce za ka gaya wa wanda zai taimaka ne kawai. Ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci.

Idan fyaɗe ne, asibiti da gaggawa. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. In zai yiwu, kada a wanke yaron ko tufafinsa kafin likita ya gani. Kada ka tunkari wanda ake zargi da kanka.

Ba gara a sasanta a cikin gida a rufa asiri ba?

Asirin da ya cancanci rufewa na yaron ne: kada a yaɗa sunansa, kada a sa hotonsa a Facebook, kada a mai da shi abin nuni. Asirin mai laifi kuwa, rufe shi miƙa masa yaro na gaba ne. Idan aka zauna aka ba da haƙuri, aka karɓi wani abu, aka ce magana ta mutu, yaron ya koyi cewa sunan gida ya fi shi daraja, kuma zai ci gaba da gaida wanda ya cuce shi. Dattawa da shugabannin addini suna da babban aiki wajen sulhunta ma'aurata da tallafa wa gidan da ya shiga matsi. Fyaɗe, ƙona yaro, karya shi ko hana shi abinci da gangan sun wuce hurumin sulhu. Na 'yan sanda ne da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Ƙasashe da dama suna da layin wayar taimakon yara kyauta, kamar 116 a ƙasashen Afirka da yawa da 1098 a Indiya. Kowa ya nemi na ƙasarsa ya ajiye a waya.

Idan na kai rahoto, ba za a ƙwace yaran ba?

Raba yaro da iyayensa mataki ne na ƙarshe a dokokin yawancin ƙasashe, kuma ko an kai ga haka, dangi ake fara nema. Ba sai kana da hujja za ka kai rahoto ba, bincike aikin hukuma ne. Bayan rahoton ne ma iyalin suka fi buƙatar mutane, domin lokacin ne kowa ke gudunsu.

Me makaranta, wurin ibada ko ƙungiya za su iya yi?

Su fara da gyara nasu gidan: a binciki duk wanda za a ba amanar yara, a hana babba keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki, a sanya mutum takamaimai da ake kai wa ƙorafi, yara su san shi. A gundumar Luwero ta Yuganda, wani tsari da ƙungiyar Raising Voices ta shigar makarantun firamare ya rage dukan da malamai ke yi wa ɗalibai da kashi 42 cikin 100, kamar yadda aka wallafa a 2015. Bayan haka sai a duba waɗanda ba a gani: sabbin zuwa, matar da mijinta ya rasu ko ya tafi, yarinyar da ta haihu da ƙuruciya, kakar da aka bar wa jikoki, iyayen yaro mai nakasa. Yara masu nakasa sun fi sauran fuskantar cin zarafi nesa ba kusa ba, iyayensu kuma su ne aka fi mantawa da su wajen ziyara.

Ni ce uwar. Ina jin tsoron abin da zan iya yi wa ɗana. Wa zan gaya wa?

Ki zaɓi mutum ɗaya da kika amince da shi, yaya, ƙawa ko ma'aikaciyar lafiya, ki faɗa masa yau, da waɗannan kalmomin da kika faɗa yanzu. Ku yi yarjejeniya cewa duk lokacin da kika kira, zai zo ko ya karɓi yaron ba tare da tambaya ba. Ki lura da lokacin da abin ya fi taso miki, ko da safe ne ana shirin makaranta, ko da dare bayan kin gaji, a shirya taimakon a daidai wannan lokacin. Idan kin riga kin ji masa ciwo, ki kai shi asibiti ki faɗi ainihin abin da ya faru, domin likita na buƙatar gaskiya kafin ya san inda zai duba. Idan kuma tunanin cutar da kanki ko jaririn yana zuwa miki, kada ki kwana ke kaɗai da shi. Ki kira wani ya zo, ku je asibiti tare a daren.